Ɗakin Ƙasa na Malama Rifkatu

Ni ɗan fatoma ne, jikan fatoma. Ga wanda bai taso kusa da kasuwa ba, fatoma shi ne mai saukar da fatake: ya ba ka ɗaki, ya ba ka tabarma, ya tsaya maka wajen ciniki, in rigima ta tashi ya ce kai nasa ne. A gidanmu na bayan kasuwar kifi ta Hadejia na buɗi ido na ga Barebari da Yarabawa da Ibo da mutanen Nijar suna kwana cikin ƙaurin banda, kuma tun ban iya ɗaura wando ba nake nuna wa kowa inda zai shimfiɗa. Na taɓa samo wa wani Bafillace masauki, shi da bijiminsa, a gidan mutumin da bijimin ya cinye wa shinkafa. Don haka in na ce muku ba a yi ƙofar da bakin Haladu ba zai buɗe ba, ku yarda kawai ku huta. Da wannan taƙama na sauka Ingila, a shekarar da aka yanke mana Jigawa daga jikin Kano.

Mu biyu aka turo daga wajen aikinmu na gona, kwas na shekara guda a kan noman rani, a wata kwaleji da ke wani gari inda ruwan sama yake zuba kamar an huda sama an manta ba a toshe ba. Ni da Malama Rifkatu.

Rifkatu haifaffiyar Hadejia ce. Babanta dispensa ne daga kudancin Kaduna, wanda ya yi wa rabin garinmu allura, har da ni, kuma har yau wurin yana yi mini ƙaiƙayi in na tuna shi. Kirista ce, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana hannun kakarta. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana ƙarama, da sanda take tafiya. Da sandar nan ta gama ƙauyukan Guri da Kirikasamma a bayan babur, tana koya wa mata renon tattasai da albasa a fadama. An daɗe ana tsallake sunanta in kwas ya fito. Yau a ce mace ce, wa zai bar mace ta tafi Turai ita kaɗai. Gobe a ce ba 'yar asalin nan ba ce. Jibi a dubi ƙafar a yi shiru. Wannan karon wanda aka zaɓa ne ya kwanta ciwo, ba yadda aka iya. A gabana wani babba a ofis ya ce, "Ku bar ta ta je. Kafin sanyi ya ƙare za ta dawo da ƙafarta, mu huta da ƙorafi."

Ni dai masaukina bai ba ni wahala ba. Juma'ar farko na je wani gida da aka mayar masallaci, aka sallame, na miƙa wa na kusa da ni hannu. Ashe mahauci ne ɗan Pakistan, Malam Bashir. Kafin in gama ɗaura igiyar takalmi na samu ɗaki a bayan shagonsa, da hitar ɗumama ɗaki, da tabarmar salla, da kwanon shinkafa mai yaji da ake turo mini kullum. Na ce wa kaina, Haladu, ashe bakin nan ko Turanci ya sa yana aiki.

A makon ne kuma wani mai rumfa a kasuwar gwanjo ya sayar mini da kwat, ya rantse mini irinsa manyan ƙasar suke sawa. Na daɗe ina rangaji a cikinsa, ina mamakin yadda maɓallan suka juya baya, har Rifkatu ta gaji da danne dariya ta gaya mini na mata ne. Na ce sanyi bai san mace da namiji ba. Ban cire shi ba.

Ita an ba ta ɗaki a gidan kwanan ɗalibai mata. Ƙasan gidan duk ofisoshi ne da wajen wanki, ɗakunan kwana suna sama, nata kuma a can ƙololuwa, inda in ka leƙa taga sai ka ga bayan tsuntsu yana tashi. Matattakalar siririya, a murɗe kamar hanjin rago. Kullum ta hau ta sauka, ba ta taɓa cewa komai ba. Da sanyi ya kankama, rannan takalminta ya jiƙe, sandar ta zame, ta gangaro. Ba ta karye ba, amma hannun da take riƙe sandar ya gurɗe, ya kumbura kamar kabewa. Likita ya ce ita da bene sai dai kallo.

Na same ta zaune a kan kujerar ɗakin wanki, injina suna ta juyi a bayanta.

"Malam Haladu," ta ce, "in aka dawo hutun Kirsimeti ban samu ɗakin ƙasa ba, gida zan koma. Ba zan mutu a matattakalar Turawa ba."

"Ki koma ki ce musu me?"

"Ba sai na ce komai ba. Sun riga sun faɗa."

Na bugi ƙirji har kwat ɗin ya yi ƙura. Na ce, "Malama, kin manta da wa kike tafe? Ɗaki? A garin da ko karnuka suna da ɗaki? Abu biyu kawai nake so daga gare ki, kuma dokar gidanmu ce tun kakana. Na ɗaya, baƙo ba ya magana, fatoma ne yake yi. Na biyu, ba a kwance wa mai gida kayan baƙo duka a ƙofar gida. Abin da zai so kawai ake nuna masa, sauran ya gani bayan an shimfiɗa tabarma."

Ta dube ni ta ce, "To, ɗan fatoma."

Muka fara da ofishin masauki na kwalejin. Wata Baturiya mai fara'a ta saurare ni har na gama, kuma na yi Turancin da ni kaina ban san ina da shi ba. Ta ce ai suna da ɗaki na musamman don masu lalurar ƙafa, a ƙasa yake, har da ƙarfen dafawa a banɗaki. Na juya na kashe wa Rifkatu ido. Sai Baturiyar ta ƙara da cewa ɗakin yana cikin gidan kwanan maza. Na ce to na mata fa? Ta ce gidan mata duk bene ne. Na ce na ɗaliban ƙasashen waje fa? Ta ce akwai, mai kyau ma, yana can kan tudu, bas ba ya hawa.

"Muna da tsari a kan mata," in ji ta. "Muna da tsari a kan naƙasassu, muna da na baƙi. Sai dai gaskiya ba mu taɓa samun irin wannan ba."

Na ce, "Madam, ga irin wannan a zaune a gabanki, tana shan iska."

Ta ce za ta kai maganar gaban kwamiti, kwamitin kuma zai zauna bayan hutu. Na tambaye ta ko kwamitin ne zai riƙa goya Rifkatu yana hawa da ita kafin nan. Ta yi murmushi ta ba mu alewa.

Daga nan sai gidan wata tsohuwa a bakin gari. Rifkatu ce ta ga sanarwa a jikin gilashin wani kanti: ɗakin ƙasa, mace kawai ake so. Ta buga tarho, kuma da yake Turancinta na makarantar mishan ne, tsohuwa ta ce ta zo maza. Na ce ba inda za ta je ba fatoma. Na zuba babbar riga a kan kwat, na kafa hula, na yi kama da buhun gero da aka yi wa aiki.

Tsohuwa ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi Rifkatu, ta dubi sanda. Ta ce wayyo, yanzun nan aka kama ɗakin.

Ta bayan kafaɗarta na hango bango cike da hotunan tsuntsaye, har da wata 'yar agwagwar ruwa mai farin layi a ido wadda na sani sarai. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo. Na ce, "Madam, kin san inda wannan take zuwa in sanyinku ya kore ta? Garinmu. Fadamunmu na Kirikasamma. Dubu dubai suke sauka, ba biza, ba fasfo, su cinye mana shinkafa, su yi ƙiba, su dawo muku. Tun zamanin kakana muke saukar da baƙinku, ba mu taɓa cewa an kama ɗaki ba. Yau ga tamu guda ɗaya mun kawo."

Wallahi tsohuwar nan har idonta ya kawo ruwa. Ta riƙe hannuna, ta tambaye ni ko gaskiya ne ruwan yana malala har ido bai ganin ƙarshensa, ta shiga ciki ta ɗauko mana biskit. A tsaye muka ci shi a bakin ƙofa. Ɗaki kuwa an kama.

A tashar bas Rifkatu ta ce, "Ka san abin da ya fi cin raina? Ban san wanne ta gani ba. Fatar ce, ko sandar, ko kai."

Na ce, "Ni kuma me na yi?"

"Ka dubi kanka a gilashin can."

Na ce a bar Turawa, mu koma ga namu. Akwai wani gida da 'yan Arewa suka kama gaba ɗaya, samari a sama, shugabansu Alhaji Mamman mai karatun digiri na uku a ƙasa da iyalinsa, kuma na san suna da wani ɗan falo da ba kowa a ciki. Na saya wa Rifkatu mayafi. Na ce ta yafa, ta bar mini sauran.

"Malam Haladu, ba na son wannan."

"Doka ta biyu, Malama."

Na gabatar da ita a matsayin ƙanwata daga Hadejia. Jama'a, ku zo ku ga karɓa. Hajiya, matar Alhaji Mamman, ta tuƙa tuwon semo da miyar kuka, kukar da aka yi ta ɓoyonta kamar zinariya. Loma ta farko na ji hawaye yana neman kunyata ni, don rabona da ƙanshin daddawa tun a filin jirgi. Rifkatu ta manta da doka ta ɗaya, ta shiga ba Hajiya labarin yadda matan Guri suka kori wani malamin gona da ludayi, har Hajiya ta ƙware. Alhaji Mamman ya ce falo ai nata ne, ta kawo kaya gobe. Na miƙe ƙafa, na fara sakace.

Sai aka kira la'asar. Hajiya ta shimfiɗa darduma biyu, ta ce, "Bismilla, 'yar'uwa, ko a zaune ne."

Na yi tari. Na yi gyaran murya. Na taka mata ƙafar mai lafiya. Rifkatu ta zare mayafin ta ninke shi, ta ce, "Hajiya, na ci tuwonki, ba zan yi miki ƙarya ba. Sunana Rifkatu. Ni Kirista ce."

Alhaji Mamman ya ce ai ba komai, duk ɗaya ne, shi ma yana da abokai Kiristoci. Sai dai yanzu da ya sake tunani, gida ne na samari, ita kuma mace ce ba miji, mutane za su yi magana, kuma surukarsa ma tana iya zuwa kowane lokaci. Surukar da na san tana Gusau, ko Kano ba ta taɓa zuwa ba. Hajiya ta bi mu har ƙofa, ta cusa wa Rifkatu ƙullin kuka da daddawa a jaka, ta koma da sauri.

A hanya na ce, "Malama, da kin yi shiru na kwana biyu kawai."

"In yi ta yin alwala har shekara ta ƙare? Ka karɓi mayafinka, zai dace da kwat ɗin."

Na ce to, tunda addinin ne ya ɓata, bari mu je inda shi ne zai gyara. Ran Lahadi na cire hula na cusa a aljihu, na raka ta cocin 'yan Nijeriya da ke taruwa a wani zauren makaranta. Ban shiga ba, na tsaya a baranda ina jin ganga tana tashi kamar ana bikin kamun kifi. Da aka tashi na tare fasto, na ce ga 'yar'uwarsu a cikin wahala. Ya rungume ta, ya kira wata mata mai ɗaurin kai kamar faifan tuwo, ya ce tana da ɗaki a ƙasa. Matar ta ce ai ko yau. Murna ta kama ni, na juya na ce wa Rifkatu da Hausa, "Kin gani ko? Na gaya miki." Ita kuma ta amsa da Hausa.

Fuskar matar ta canja. Ta ce da wane yare muka yi magana? Rifkatu ta gaya mata. Matar ta ce ƙaninta yana da shago a Arewa, an ƙona shi a wata tarzoma, da ƙyar ya fita da rai, kuma da wannan yaren aka yi ta ihu a kansa. Ta ce ba ta da komai da Rifkatu, amma ba za ta iya jin harshen nan a cikin gidanta ba. Rifkatu ta ce mata a hankali, "Mama, mu ma da yaren nan muke addu'a in an tashi ƙona namu." Matar ta kau da kai. Ban ga laifinta duka ba, amma na so in kama ɗaurin kan nan in wurga shi kan rufi.

Fasto ya ja mu gefe ya ce kada mu damu, Ubangiji ya riga ya shirya. Akwai wani ɗan'uwa a cocin, matarsa ta rasu, yana da gida a ƙasa, yana da mota, yana da yara huɗu, kuma shi ba ruwansa da maganar ƙafa.

Rifkatu ta ce, "Fasto, ɗaki na zo nema."

Hutu ya zo tsakiya. Gari ya cika da fitilu, kowa yana ɗauke da kaya yana shiga gidansa, Rifkatu kuwa ta koma kwana a kan doguwar kujera a ɗakin hutawar ɗalibai, da izinin mai gadi. Na ga ta fara haɗa littattafanta a kwali. Ni kuma bakina ya fara ciwo.

Ita ce ta kawo maganar wata malamarsu, Madam Dorin, baƙar mace haifaffiyar Ingila wadda iyayenta suka zo daga Jamaika. Tana koyar da darasi a kan mata da aikin gona, kuma tana taimakawa a wani gidan mata a cikin gari. Rifkatu ta ce gidan yana da ɗakuna, amma na matan da suka gudo daga dukan miji ne.

Na ce, "Shi ke nan! Ki ce ni ne mijin. Ki ce kullum sai na jibge ki."

"Malam Haladu, in faɗa ya haɗa ni da kai, kai ne za ka nemi gidan gudu."

Muka je. Wata yarinya Baturiya mai askin maza ta buɗe, ta yi wa Rifkatu maraba, ta tallafe ta ta shiga. Na ɗaga ƙafa zan bi, sai ta sa hannu ta tare. Ta ce maza ba sa shiga.

Na ce ni ne fatomanta. Ta ce ba ta san wannan ba. Na ce ni ɗan'uwanta ne, abokin aikinta, mai magana da yawunta. Ta ce Rifkatu tana da baki. Ta rufe ƙofa. Ko kwat ɗin matan da ke jikina bai cece ni ba.

Jama'a, ni Haladu, wanda hakimai suke tashi su ba shi buzu, aka bari a titi kamar akuyar da ta ci kayan miya. Ruwa kuwa ya ce bismilla. Ya jiƙa hula, ya jiƙa riga, ya bi ta wuya ya gangara har inda ba a faɗa. Na yi ta zagaye ina magana ni kaɗai, wata tsohuwa mai kare ta tsallaka titi don ta kauce mini. Ina jin dariyar mata daga ciki da ƙarar kofuna.

Can sai ga Madam Dorin ta fito da lema, ta tsaya a kan dakali. Doguwa ce, mai furfura a gaban goshi. Na buɗe mata wuta. Na ce wannan wariya ce tsagwaronta, a ƙasar da take cika baki da adalci. Ta bar ni na gama. Ta ce matan da ke ciki akwai waɗanda ko takun namiji suka ji sai jikinsu ya ɗauki rawa, shi ya sa. Sannan ta ce ɗakunansu ma ba za su yi wa Rifkatu ba, don ba miji ne ya koro ta ba, kuma duk a sama suke.

Na ce, "To ashe ku ma kanwar ja ce."

Ta ce, "Mu ma." Ta juya ga gilashin ƙofa da ya yi raɓa, ta ja layi da yatsa, ta ja wani ya gicciye shi, ta ƙara wani. Ta ce akwai wata magana da mata baƙaƙe masana a Amurka suka fara yi kwanan nan, a kan mahaɗar hanyoyi. Wannan hanyar ta wahalar mata ce, wannan ta baƙar fata, wannan ta naƙasa, ga ta addini. Kowace hanya da masu kula da ita, kuma suna iya ƙoƙarinsu. Amma wadda take tsaye a tsakiya, inda hanyoyin suka haɗu, in aka buge ta kowa sai ya ce ba a layinsa abin ya faru ba.

Na ce, "Madam, wannan ne sabon ilmin? Ai mu a fadama mun daɗe da shi. Baffana yana da gona a wajen Kafin Hausa, a wani kwari. Wata shekara kogi ya cika ya shigo ta gabas, ruwan sama ya gangaro ta yamma, suka gamu a kan shinkafarsa. Da aka zo rabon taimako, masu duba ɓarnar kogi suka ce ruwan sama ne ya ci gonar, masu duba ta ruwan sama suka ce kogi ne. Maƙwabtansa na dama da na hagu duk aka ba su iri, shi da ya fi kowa nutsewa ya tashi da hannu biyu. Har ya rasu yana zagin kwamiti."

Ta yi dariya sosai, ta ce ba wanda ya taɓa ba ta misali mai kyau kamar wannan, za ta riƙa ba ɗalibai. Na ji kaina ya ƙara girma, har na manta ina jiƙe. Sai ta ce, "Kai a ina kake zaune?"

Na ce gidan Malam Bashir mahauci.

"A sama ko a ƙasa?"

"A ƙasa."

"Da nisa daga kwaleji?"

Na ce ai daga kan gado nake jin ƙararrawa, in na ga dama ma sai malami ya shiga aji nake sa takalmi.

Ta zuba mini ido. Na ɗaga kai, sai ga Rifkatu a taga da kofin shayi, ita ma tana kallona. Ban taɓa ganin makirci irin wannan ba, kuma a cikin ruwa.

Na ce ai ba zai yiwu ba. Ba don ni ba, ni mai sadaukarwa ne, kowa ya sani. Malam Bashir ne ba zai yarda ba: mutum mai gemu har ƙirji, ya saukar da mace, ba miji, ba Musulma ba? Na ce su zo su ji da kunnensu, don kada a ce Haladu ne ya hana.

Muka tarar da shi yana datsa haƙarƙarin rago. Kuma bai ba ni kunya ba. Ya goge hannu, ya sunkuyar da kai, ya ce yana jin tausayin 'yar'uwa ƙwarai, amma masu sayen namansa 'yan masallaci ne, za a yi surutu. Na buɗa hannuwa na dubi Madam Dorin, irin kallon nan na kin ji dai.

Sai labulen bayan shago ya motsa. Matar Malam Bashir, wadda tun zuwana ban san komai nata ba sai hannu biyu masu awarwaro da suke turo kwano ta ƙarƙashin labule, ta fito gaba ɗayanta. 'Yar gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta kama magana da yarensu. Ta nuna ni, ta toshe hanci. Ta nuna banɗaki, ta toshe kunne. Ta nuna tsakar gida, ta ja gyalenta ta rufe fuska ta buɗe, ta rufe ta buɗe. Ta yi ta yi har naman da ke kan katako ya huce. Malam Bashir yana ta raguwa a tsaye.

Da ta gama na ce, "Malam, me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce to."

Daga baya Rifkatu ta samo mini fassarar. Wai bandar da na zo da ita daga gida nake ɗumamawa a kan hita ta sa labulayen gidan duka suna warin kogi. Wai waƙar da nake yi in ina wanka tana firgita ta. Kuma wai shekara da shekaru mijinta yana kwaso mata ƙartin maza daga masallaci, ita da tsakar gidanta ba ta isa ta shanya wanki ba sai ta yi lulluɓi kamar mai zuwa biki, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta wane irin baƙo take so. Bandar Hadejia fa, jama'a. Wadda ake aikawa har Legas.

Washegari na kwashe kayana. Ɗakin Rifkatu na bene ba a ba namiji, don haka na nufi gidan Alhaji Mamman, ina shirya jawabi a hanya. Ban ma yi jawabin ba. Kafin in ajiye akwati an ce in hau sama, akwai katifa a ɗakin wani Basakkwace. Mutumin kirki ne, amma in ya yi minshari sai tagogi su amsa. Bas biyu nake hawa zuwa kwaleji, na biyun kuma direbansa ya tsane ni tun ranar da ya fara ganina. Hita ɗaya ce a gidan, tana ƙasa wajen Hajiya. Na rame har hulata ta fara juyawa a kaina.

Rifkatu ta kwance kwalinta. Ba ta koma ba sai da takardar shaida a hannu, ta ma fi ni maki, amma wannan maganar malamai ce da son kai, ba ita nake ba ku ba.

Wata Asabar bayan an dawo hutu na je gaishe ta. Na tarar da ita a ɗakina, a kan kujerata, ta miƙe ƙafa a gaban hitata, ita da matar Malam Bashir suna cin gurasarsu ta Pakistan da miyar kuka, kowace tana magana da yarenta suna ta dariya. Labule sabo. Aka ba ni kujera a bakin ƙofa, wajen da iska take shigowa.

Na ci, don ba na fushi da abinci. Sannan na ce, "Malama, ni fa maganar gidan matan nan ba ta wuce mini ba. Na yi shawara da Alhaji Mamman, ƙara zan kai. A ce mutum da mutuncinsa, da iyalinsa, da furfurarsa ta fara fitowa, a dube shi a ce ba zai shiga ba, ba don ya yi komai ba, don kawai yadda Allah ya halicce shi? Kin san yadda abin nan yake da ciwo kuwa? Ba ki sani ba. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina."

Ta suɗe yatsa, ta tura wa matar Malam Bashir kwanon, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Haladu, ƙofa ɗaya tal aka taɓa rufe maka a duniya, ka hana Ingila barci. Ƙara miya."